Jinjina ga Masu Tantance Ɓeraye, da Kira Daga Ƙasar Zurmi

Manomin Zurmi ba ya bukatar boko kafin ya bambanta gafiya da kurege, ko jaɓa mai tsinin baki da gyazbin fadama. Amma da an zo kan ɗan ƙaramin nan mai ruwan toka da ke fitowa daga gindin rumbu bayan isha'i, sai suna ya zama ɗaya: kusu ne, a kawo sanda. Ba laifinsa ba ne. Su kansu masana dabbobi, da ma'auninsu da gilashinsu, sun shafe fiye da shekara ɗari suna cakuɗa waɗannan ɓeraye.

Dangin da ake magana a kai shi ne wanda masana ke kira Mastomys, ɓera mai yawan nonuwa. In ka birkice macen za ka ga nonuwa jere, wani lokaci har sha biyu a kowane gefe. Cikinta sati uku ne da 'yan kwanaki, kuma ta kan zubo 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasashenmu na Yammacin Afirka. Ɗaya natalensis, wanda Andrew Smith ya raɗa wa suna a 1834 daga yankin Natal na Afirka ta Kudu, ɗayan kuma erythroleucus, wanda aka bayyana a 1853. Girmansu ɗaya, tsawon wutsiya kusan ɗaya, launin gashi kuwa yakan sauya da shekaru da irin ƙasar da dabbar ta tashi. Sai da aka leƙa cikin ƙwayoyin jikinsu aka ga na farko yana da kuromozom 32, na biyu 38. Kama da wane ba ta wane.

Ƙirga kuromozom aiki ne mai wahala, domin yana son dabba mai rai da ɗakin gwaji a kusa. Hanyar DNA ce ta kawo sauƙi. Ana yankar ɗan guntun kunne ko hanta, bai kai ƙwayar gero biyu ba, a jefa a 'yar kwalba mai sinadarin da ke hana ruɓewa. A ɗakin gwaji sai a tsamo ƙwayar gadon, a sa ta a na'urar PCR, irin wadda kowa ya ji sunanta lokacin korona, ta hayayyafa wani yanki guda da ake kira saitokurom bi, mai haruffa 1,140, wanda ake gada ta wajen uwa kawai. Sai a karanta haruffan a kwatanta da waɗanda aka riga aka adana a rumbun bayanai na duniya. Ɓeraye biyu da ido ya rantse wa da ƙani ne, haruffan sai su nuna kakanninsu sun rabu tun kafin ɗan Adam ya fara noma.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan wanda aka cinye wa dami da sunan ɓarawon? Ruwansa shi ne zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, bayan ta kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan, ɗaya daga cikinsu a asibitin Jos inda ta yi jinyar ta farkon. Da cutar ta ɓarke a Panguma ta Saliyo a 1972, Thomas Monath da abokan aikinsa suka kama ɓerayen gidaje, suka samu ƙwayar a jikin Mastomys. Shi ɓeran ba ya ciwo. Yana dai zubar da ƙwayar a fitsari da kashi, a kan hatsi, a kan kwano, a kan shanya. Sai dai a wancan zamani ba wanda zai iya bugun ƙirji ya ce ga takamaiman irin da aka kama. A 2006 ne Emilie Lecompte da Elisabeth Fichet-Calvet da tawagarsu suka tantance ƙananan dabbobi kusan 1,500 a ƙasar Gini ta hanyar DNA, suka samu ƙwayar a jikin natalensis kaɗai. Aka zauna a kan haka shekara goma.

A nan ne jinjinata ta farko take, kuma ɗan ƙasa ne ya ci ta. Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya bi ƙauyuka da tarkuna, daga kurmin kudu zuwa Binuwai da Taraba, tare da masanan Cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg a Jamus. A 2016 suka bayyana cewa erythroleucus ma yana ɗauke da ƙwayar Lassa, a Najeriya da Gini, haka kuma wani ɓeran kurmi mai suna Hylomyscus pamfi. Ba don haruffan DNA ba, da an rubuta waɗancan ɓeraye a matsayin natalensis an wuce, domin kamar ta kai. Aikin ba na ado ba ne: a ɗana tarko da magariba a ɗakin mutane da izininsu, a zo da asuba a kwashe, a feɗe dabbar da za ta iya kashe ka, cikin safar hannu da takunkumi, a zafin Maris. Wanda ya yi wannan shekara da shekaru ya cancanci a ce masa sannu da aiki.

Jinjina ta biyu ta Asibitin Koyarwa na Irrua a jihar Edo ce, da cibiyar Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede. A 2018, da aka tabbatar da cutar a jikin mutum sama da 600, tsoro ya shiga cewa wata sabuwar ƙwaya ce mai saurin bi daga mutum zuwa mutum. Suka karanta ƙwayoyin da aka samu a jinin marasa lafiya, suka nuna yawancinsu kowa daga ɓera ya ɗauka. Wannan ya mayar da hankali inda ya dace, wato ɗakin ajiya da madafa. Ta uku kuwa ta maƙwabtanmu ce a Yamai: Madougou Garba da Gauthier Dobigny da abokansu a cibiyar Agrhymet da Jami'ar Abdou Moumouni. Sun bi unguwannin birnin gida-gida, suka tarar natalensis ne sarkin gidajen talakawa, baƙon ɓeran nan baƙi mai hawan rufi kuwa, wanda ke bin motocin kaya, ya kafa sansani a kasuwanni da wuraren sana'a.

To, yabo ya ƙare nan, saura aiki. Ƙasar da ke tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ta haɗa duk abin da ɓera ke so. Ga gero da dawa a tudu, ga shinkafa da kayan lambu a fadamun Gagare da Bunsuru. Ga kasuwar Alhamis ta Shinkafi da manyan motoci ke shiga daga kudu da kuma Nijar. Ga Kaura, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, a da ana loda gyaɗa da auduga. Sannan ga abin da rashin tsaro ya jawo: manomi ba ya yarda ya bar hatsinsa a rumbun bayan gari inda za a ƙone ko a kwashe, sai ya sussuke ya dura a buhu ya jingine a ɗakin da yara ke kwana. Waɗanda aka kora daga ƙauyuka sun cunkushe a garuruwan uku, gida ɗaya iyali uku. Mutum da ɓera ba su taɓa kusantar juna haka ba. Wane iri ne ke ɗakin, wanne ne ke gona, ko baƙin ɓeran motoci ya riga ya sauka a rumfunan Shinkafi, tarko da na'ura ne za su faɗa.

Zurmi kuwa ta san kuɗin rashin tantance iri. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya fara daga wannan ƙaramar hukuma. An yi wa jama'ar Arewa rigakafin nau'in A 'yan shekaru kafin nan, wanda ya zo kuma nau'in C ne, allurar ba ta tare shi. Kafin a gane, a nemo allurar da ta dace, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, mutum sama da dubu suka rasu a 2017. Lassa ma da zazzaɓi da ciwon kai da kasala take farawa, kowa ya ce maleriya ce ko taifot, alhali maganinta, ribavirin, ya fi aiki in an fara shi cikin kwana shida na farko. Cikin waɗanda suka tsira, kusan ɗaya cikin huɗu kan samu matsalar ji. Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne ke kan gaba a lissafin hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, amma a Janairun 2020 cutar ta kashe likitoci a Kano. Likitan Shinkafi da ya san ɓerayen garinsa na ɗauke da ƙwayar zai yi zarginta tun rana ta uku.

Ko an ajiye maganar cuta, sanin iri yana da amfani a gona. Ɗan ɓeran yashi mai dogayen ƙafafun baya da dare yake tone irin gero bayan shuka. Kusun ciyawa na fadama da rana tsaka yake ɓarna a shinkafa. Na ɗaki kuwa yana komawa gida ne idan kaka ta wuce daji ya bushe. Shinkafar ɓera ɗaya da ake saya a tebur ba za ta yi wa ukun ba, sau da yawa ma kaji da mage take fara kashewa, wani lokaci har yaro. A ƙauyukan Faranah na Gini an gwada zuba guba gida-gida, ɓeraye suka ragu, bayan 'yan watanni suka dawo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: buhun da ke ƙasa, kwanon da ba murfi, ramin bango da ba a toshe ba.

Ban ce masanan Ife su shiga dajin da soja ma ke shiga da shiri ba. Cikin garuruwan ya isa a fara. Guntun nama a kwalba yana jure tafiya ba tare da firji ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura, akwai Jami'ar Tarayya a Gusau, akwai tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A horar da malamansu da duba-gari da malaman gona yadda ake kamawa ba tare da an kamu ba, a ba su kayan kariya, kada a bar wa yaran unguwa masu farautar gafiya. Gwamnatin Zamfara ta ɗauki nauyin tarko da sinadarai, na'urar PCR kuma da aka sayo don korona a karkaɗe mata ƙura. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da hatsi ya shiga ɗaki kuma cutar ke tashi. Idan sakamako ya fito, kafin a aika da shi mujallar Turai, a karanta shi da Hausa a gidan rediyon Gusau, a kai kwafi asibitocin Kaura da Shinkafi da Zurmi, a faɗa wa masu gidajen da aka ɗana tarko a ɗakunansu abin da aka samu.