Iyayen da ke rainon 'ya'ya a kan ruwa

Yau za mu bar tudu mu leƙa gidan wasu iyaye mata da ɗakin kwanansu da madafinsu da makarantar 'ya'yansu duk suna cikin jirgin ruwa ɗaya, wanda sau da yawa tsawonsa bai wuce mita 12 ba.

A gabashin Amurka akwai hanyar ruwa da ke bin gefen teku ta cikin koguna da tafkuna da magudanan da aka haƙa, daga Norfolk a jihar Bajiniya har Miami a Fulorida, tafiyar sama da kilomita 1,700. Jiragen shaƙatawa na binta ne don tsibirai na kare su daga manyan igiyoyin tekun Atlantika. Wasu kuma sukan yi babban zagaye na kusan kilomita 9,700: su haura kogin Hudson, su shiga manyan tafkunan arewa, su gangaro ta Shikago da kogin Misisipi zuwa tekun Meksiko, su dawo Fulorida. Yakan ci shekara guda. Mafi yawansu dattawa ne da suka yi ritaya, amma akwai masu ƙananan yara.

Kada hotunan Instagram su ruɗe ki, zaman akwai aiki. Ruwan sha a tanki yake, in ya ƙare sai an kai tashar da za a cika, shi ya sa wasu ke wanke kwanuka da ruwan gishiri su ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Wuta daga batir da sola take. Murhun girki a rataye yake yana lilo, ga ƙarfen da ke riƙe tukunya don kada miya ta kife wa mai girki. Ranar tashi kuwa ba mai gida ke yanke ta ba, hasashen yanayi ne da cikowar teku da janyewarsa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, da yawa sukan matsa arewa.

Abin da ya fi dacewa mu ɗauka a wajensu shi ne yadda suke tsare yaro. Dokar tarayyar Amurka ta ce duk yaron da bai kai shekara 13 ba sai ya sa rigar kariya muddin jirgin shaƙatawa na tafiya, sai fa in yana cikin ɗakin jirgin. Rigar yaro tana da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, don in babu ita yana faɗawa ruwa rigar za ta zame ta kansa. Sukan zagaye jirgi da raga kamar koma. Sukan ware babba ɗaya da idonsa ke kan yaro, ya faɗa da baki in zai miƙa wa wani, domin yaron da kowa ke kallo ba mai kallonsa. Uwa kuma takan koyi kashe inji da kiran neman agaji a tasha ta 16 ta rediyon jirgi, ko da mai gida ne ya faɗa ruwa.

Ki riƙe wannan: yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Numfashi yake nema, bakinsa na shiga ruwa yana fita, cikin ɗan lokaci ya ɓace ana tsaka da hira.

Za ki ce ina ruwanmu da jirgin masu kuɗi? Ai mu ma muna hawa ruwa, zuwa kasuwa ko biki ko gona, wasu kuma in sun je hutu Legas a tsallaka da yara Tarkwa Bay. Ba mu manta Bagwai ta jihar Kano ba, inda a Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife da 'yan Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Don haka kafin ki sa ƙafa a jirgi:

Ki nemi rigar kariya daidai jikin yaro. Ki ɗaure, ki ja ta sama ta kafaɗu. In ta haye kunnuwansa ta yi masa yawa.

Kada ki shiga da goyo a baya. Ki kwance shi ki riƙe a gaba, ke ma da rigarki.

In kin ga jirgi ya cika har ruwa na neman bakinsa, ki jira na baya, ko da za a ce kin cika tsoro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ki guji tafiyar dare.

In makaranta za ta tsallaka da yara, ki tambayi malam yara nawa, riguna nawa, manya nawa.

Tawakkali gaskiya ne, amma sai an ɗaure raƙumi. 'Yan uwa na bakin Neja da Binuwai da Tafkin Chadi, ku faɗa mana a ƙasa: ana samun rigar yara a mashigarku? Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.