Roba ba gilashi ba ce

1/ Masu haɗa hoton talla da kwamfuta, ku zo mu yi magana. Yawancin robobin zoɓo da kunun aya da muke zanawa ƙarya ce tsagwaronta. Ni ma na taɓa yi. 🧵

2/ Gwaggona tana sayar da zoɓo a nan Haɗejiya. Ta ce in haɗa mata hoton da za ta sa a WhatsApp. Na buɗe Blender na ƙera roba tana sheƙi kamar lu'ulu'u. Wata mata ta yi odar na biki, da kaya suka isa sai ta ce: "Ba wannan na gani ba." Gwaggo ce ta sha kunya, ba ni ba.

3/ Kuskurena na farko: na bar robar a cushe kamar dunƙulen gilashi. Robar gaske bangonta siriri ne. Ka sa mata Solidify, kauri kaɗan kawai, haske zai ratsa ta yadda ya kamata.

4/ Na biyu shi ne IOR, wato yadda abu ke lanƙwasa haske. Robar PET da ake zuba lemo a ciki wajen 1.57 ce, ruwa kuma 1.33. Ka raba su, kowanne da nasa. In baƙi ya fito a cikin robar, ƙara Transmission a Light Paths na Cycles.

5/ Na uku, abin da ke ciki. Zoɓo ya fi duhu a tsakiya, ya fi haske a gefe. Kunun aya kuwa haske ba ya ratsa shi, kuma yana kwantawa a ƙasa. Sayi roba ɗaya, ajiye a rana, ka zuba mata ido kafin ka taɓa kwamfuta.

6/ Kuma don Allah ka bar mata raɓar sanyi da 'yar lotsawa. A zafin garin nan, raɓar ce ma ke sa mutum ƙishi.

7/ Wani zai ce ai talla ce, dole a ƙawata. Ƙawata haske da wurin da ka ajiye kayan, na yarda. Amma kayan kansu amana ne. Mai busasshen kifi ko shinkafar fadama a farar leda, abin da mai saye ya hango ta cikin ledar shi ya biya wa kuɗi.

8/ Na sake wa Gwaggo hoton da robarta ta ainihi a gabana. Bai kai na farko ƙyalli ba, amma har yau babu wanda ya dawo da kaya.