Mutumin da ya binne hotuna 6,000 a ƙasa

1/ Jama'a, akwai hoton wani yaro Bayahude a Warsaw, 1943, ya ɗaga hannuwa sama, soja na bayansa da bindiga. Na daɗe ina ganinsa kafin na tambayi kaina: wai wa ya ɗauka? Ashe 'yan Nazi ne, suka sa shi cikin rahoton da kwamandansu Jürgen Stroop ya haɗa don nuna bajintarsa.

2/ Abin da ke damuna ke nan. Yawancin hotunan da muke gani na wancan zamani, azzalumin ne ke riƙe da kyamara. Yadda ya so a ga mutanen, haka muke ganinsu: a tsorace, a layi, kamar ba su taɓa yin wani yunƙuri ba.

3/ To ku ji labarin Henryk Ross. A birnin Lodz na ƙasar Poland, Jamusawa sun killace Yahudawa a unguwa guda tun 1940. Ross mai ɗaukar hoto ne, aka ba shi aikin hotunan katin shaida da na masana'antu, don a nuna ana aiki lafiya lau.

4/ Shi kuwa ya riƙa rage fim yana ɓoyewa. Ya sa kyamara cikin kwat, ya buɗe kaɗan, ya ɗauka, ya rufe. Masu faɗuwa a titi saboda yunwa, waɗanda aka rataye, iyalai ana kora su zuwa jirgin ƙasa. Da an kama shi, kashe shi za a yi.

5/ A 1944 har tashar jirgin ya shiga, ya laɓe a wani ɗakin ajiya, ya ɗauki hoton yadda ake cusa mutane a taragu ta wata 'yar kafa a bango.

6/ Amma wallahi abin da ya fi taɓa ni shi ne sauran hotunan: biki, yara suna wasa, uwa tana sumbatar ɗanta. Mutanen da aka yanke wa mutuwa, suna nan suna rayuwarsu. Wannan ma a ganina turjiya ce.

7/ Da aka fara kwashe unguwar gaba ɗaya a 1944, Ross ya haɗa fim ɗinsa, kusan hotuna 6,000, ya binne a ƙasa. Ya san da wuya ya tsira, yana so ko shaida ta tsira.

8/ Sojojin Sobiyet suka shigo a Janairun 1945. Sama da mutum 200,000 ne suka ratsa unguwar nan, waɗanda aka tarar ba su kai 900 ba. Ross da matarsa na ciki. Ya tono akwatin, danshi ya ci kusan rabi. A 1961 ya ba da shaida a shari'ar Adolf Eichmann.

9/ Na kawo wannan ne saboda duk lokacin da rikicin Gaza ya yi zafi, sai in ga wasunmu suna saka hoton Hitler suna yabo. Ɗan'uwa, ka soki gwamnatin Isra'ila iya son ranka, amma yaran da ke hotunan Ross me suka yi maka? Wanda ke jinjina wa mai kisan ƙare dangi, da wane baki zai yi kukan zalunci?

10/ Ku nemi sunansa a intanet, hotunan suna ajiye a Art Gallery of Ontario a Kanada. Kuma daga yau in hoton yaƙi ya biyo ta wayarka, kafin ka tura gaba, tambayi kanka wa ya ɗauka, kuma me ya so ka gani.