Nijar: Aikin duwan na buƙatar waɗanda suka san kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke bi ta Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ya san cewa lissafin harajin kaya a Jamhuriyar Nijar ya koma cikin kwamfuta, ta tsarin SYDONIA wanda hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro. A 2019 kuma ECOWAS ta ɓullo da SIGMAT, domin bayanin kayan da ke ratsa ƙasa ya riga mota isa iyaka.

Wannan ya buɗe ƙofa ga matasan da suka goge wajen cike wa fatake takardu da riƙe musu lissafi. Idan irinsu suka bar shago suka shiga aikin gwamnati, albashi ba lallai ya kai ribar kasuwa ba, amma sun san bambancin buhun wake da na aya, sun kuma san asarar da lamba ɗaya ta kuskure ke jawowa in motar albasa ta kwana uku a rana.

Sai dai ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa musayar bayanai da kwastan na Nijeriya ta dogara ga fahimtar juna tsakanin hukumomin biyu, kuma a nan ma'aikacin da ya taso a kasuwar iyaka ya fi amfani.