Waya mai murfi: kafin a ce gilashi ya mutu, a duba gaɓa

Yau zancen waya mai murfi na kawo muku, wadda ake buɗewa ana rufewa. A kasuwar Arzeke ta Paraku da unguwar Wangara ta Jugu har yanzu ina ganinta a hannun iyayenmu da manyan 'yan kasuwa, saboda lambobinta manya ne, kuma idan aka rufe ta ba ta kiran mutum da kanta a cikin aljihu. Yaranmu kuma sun koma wa sabon samfurinta mai gilashi mai naɗewa. Duka biyun ciwonsu ɗaya ne, kuma a wuri ɗaya yake: gaɓar da ta haɗa sama da ƙasa.

Ga yadda abin yake. A yawancin wayoyi masu murfi, batir da ƙwaƙwalwar wayar suna ɓangaren ƙasa. Gilashin da kake kallo da lasifikar da kake karawa a kunne suna ɓangaren sama. Dole wuta da saƙo su ƙetare daga ƙasa zuwa sama, kuma hanyarsu ɗaya ce, ta cikin gaɓar nan mai juyawa. Abin da ke ɗaukarsu wani siririn zare ne mai faɗi kamar kintinkiri, na roba, an shimfiɗa layukan jan ƙarfe sirara a jikinsa. Masu gyara a Najeriya suna ce masa fleks, na Benin da Nijar masu Faransanci suna ce masa naf. Duk buɗewa da rufewa sai ya lanƙwashe. Ka ɗauki wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta wuri ɗaya, ka san ƙarshenta. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.

Tun da Motorola ya fito da StarTAC a 1996, sannan RAZR V3 a 2004, wadda aka sayar da fiye da miliyan 130 cikin shekara huɗu, kamfanoni ke neman yadda zaren nan zai daɗe. Wasu sun nannaɗe shi a cikin gaɓar don kada nauyin lanƙwasa ya taru wuri ɗaya. A wayoyin da kansu ke juyawa gefe, irin Nokia 7370, akan bi da ɗaurin wayoyi sirara ta tsakiyar gaɓar don su jure murɗawa. Da Samsung ya kawo Galaxy Z Flip a 2020, ya ce an gwada naɗe ta sau 200,000. Mu yi lissafi irin namu. Wanda ke buɗe waya sau 100 a rana zai kai shekara biyar da 'yan watanni. Ɗan kasuwar da ke buɗe tasa sau 200, tsakanin kiran direba da dillali da mai bashi, ba zai cika shekara uku ba. Wannan ma gwajin ɗaki ne mai tsabta, ba ƙurar hunturu, ba girgizar mota a hanyar Paraku zuwa Jugu mai fiye da kilomita 130.

Alamun yankewar zaren ba sa ɓuya. Waya tana ƙara amma gilashi fari fat ko baƙi ƙirin. Ko hoto ya zo idan ka buɗe ta rabi, ya ɗauke idan ka buɗe gaba ɗaya. Ko mai kiranka yana jinka, kai ba ka jinsa sai ka sa babbar lasifika. Idan matsalar tana canzawa da motsin murfi, to zaren ne abin zargi na farko.

A nan kuɗi ke salwanta. Na sha ganin an ce wa mutum gilashinsa ya mutu, ya biya kuɗin gilashi, alhali zaren ne ya yanke, wanda a tsofaffin wayoyin nan ya fi gilashi araha. Ba duk mai gyara ne ke yin haka da gangan ba, wani bai duba ba ne kawai. Don haka ka ce masa, "Malam, a fara gwada fleks tukuna," kuma a gwada a gabanka. A wayoyi masu gilashi mai naɗewa aikin ya fi wuya, kayan sun fi tsada, sai a nemi wanda ya saba da su.

Mai sayen ta hannu kuma, kada ƙyalli ya ruɗe shi. Ka kunna ta, ka buɗe a hankali kana kallon gilashin daga farko har ƙarshe, ka maimaita sau goma. Ka kira wani ka saurara da kunne. Idan gaɓar tana rawa ko tana ƙara, ka ajiye ta. Araha ba ta ado.

Wadda ke hannunka, ga yadda za ta kwana biyu. A daina fizge murfi da babban yatsa ana rufewa da ƙarfi. Hajiya, a daina cusa takardun kuɗi ko rasiɗi a tsakanin murfin, suna banƙare gaɓar. Kada a sa ta a aljihun baya a hau babur. Kada a ɗiga mata mai, mai ƙura yake tarawa. A hana yara wasan buɗe-rufe da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da gilashin zai ɗauke. Wayar na da rai, lambobin abokan cinikinka na Kwatano da Malanvil da Kano duk suna ciki, amma ba ka ganin ko ɗaya, ga kaya a hanya. Tun yau ka kwafe lambobin a kan layinka, manyan ka rubuta su a littafin bashi, ka bar kwafi a gida wajen uwargida ko babban ɗanka. Kuɗinka na MoMo ko Moov Money suna rataye da lambar layinka, don haka idan ka sa layin a wata waya za ka same su. Kafin ka miƙa wa mai gyara waya, ka zare layi da katin ajiya, kuma lambar sirrinka kada ta fita daga bakinka, ko da ya ce gwaji zai yi.

Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ke riƙe da irin wannan waya, ya zauna da su daren yau a yi wannan kwafin.