Kowane Dafi Da Irin Awonsa

Sanin kowa ne manomanmu sun rungumi maganin kashe ciyawa, musamman gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup. Ya rage wahalar fartanya, ba mu musa ba. Amma akwai maganar da ya kamata ma'aikata da malaman makaranta su sani game da ragowarsa cikin hatsi.

Gilaifoset da irinsa, kamar farakwat, masu narkewa ne cikin ruwa ƙwarai. Awon da aka saba yi a ɗakunan bincike, mai kama ɗaruruwan magunguna a tashi ɗaya, yakan janye su zuwa wani sinadari, a bar ruwan a ƙasa. Waɗannan kuwa sai su zauna cikin ruwan da za a zubar. Ashe ana iya ba buhun wake takardar shaida alhali ko neman dafin ba a yi ba.

Saboda haka masanan Tarayyar Turai da ke Shitutgat, ƙasar Jamus, suka tsara musu awo na dabam. A niƙa hatsin, a jiƙa da ruwa da metanol mai ɗan tsami, a tura tataccen cikin wani siririn bututu mai riƙe kowane magani gwargwadon halinsa, har kowanne ya fito a lokacinsa. Wannan shi ne kuromatogirafi. Daga nan na'urar auna nauyin ƙwayoyi ta farfasa abin da ya fito, ta auna gutsattsarin, ta faɗi ko mene ne da yawansa.

Kada wani ya ce wannan sha'anin Turawa ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari diklobos, wanda iyakarsa a wurinsu miligiram 0.01 ce a kilo. Awon yau da kullum ne ya kama wannan, asara ta faɗa kan manomi da ɗan kasuwa. To, ina ga dafin da awon nan ba ya gani, mu kuwa muna cinsa?

Shawararmu ita ce hukuma ta tanadi na'urorin nan, ta horar da masu riƙe su. Ma'aikacin da takardar awo ta zo hannunsa kuwa ya tambaya: waɗanne magunguna aka nema? Malamai su koya wa yara karanta umarnin da ke jikin kwalba, su kai wa iyayensu. Rigakafi dai ya fi magani.