Wasiƙa Daga Madabo: Itacen Tsaunin Mambila

Zuwa ga Edita,

A wannan mako zancena a kan wani itace ne.

Wani dattijo maƙwabcina a nan Madabo ya daɗe yana fama da ciwon nan da kan tsare wa tsofaffi fitsari. Ɗansa ya aiko masa da ƙwayoyi daga Faransa, aka kawo mini takardar in duba. Sai na ga ashe da sassaƙen wani itace aka yi su, wanda masana ke kira Prunus africana. Itacen nan kuwa akwai shi a ƙasarmu.

Amma ba ya fitowa a ƙasa irin ta Kano, sai kan duwatsu masu sanyi da hazo da yawan ruwa, kamar kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba, inda bisan ƙasa ya kai wajen ƙafa 5,000. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 100, katakonsa ja ne mai ƙarfi, tsuntsaye da birai ke shan 'ya'yansa su yaɗa iri. Tun 1969 aka killace kurmin, duk da haka wutar da a kan sa wa ciyawa da rani tana cin bakinsa, shanu kuma suna tattake masu tasowa.

A Kamaru aka fi yi masa ɓarna. Don kwaɗayin kuɗin Turai, masu sassaƙa suka riƙa tuɓe shi tsirara, ya bushe a tsaye. Ƙa'ida kuwa ita ce a ɗebi gefe biyu masu ba juna baya, a bar biyu, a ba shi shekaru ya warke. A 1995 aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyaka da sassaƙensa sai da takardar izini.

To, jama'a, kada mu ce labarin nesa ne. Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, ina kurmin? Suna kaɗai ya rage. Ku dubi madatan bakin hanyoyinmu, yadda aka kewaye gindinsu da sara. Ina roƙon malaman daji su tara 'yan magori su nuna musu ƙa'idar nan ta gefe biyu, malaman makaranta kuma su faɗa wa yara.

Da na ba dattijon labari, ya ce a samo masa iri ya shuka a gidansa. Na ce ba zai yi ba, sai dai madaci. Ya ce to, a kawo madacin.

Ni ne naka,
Mai-Lura,
Madabo, Birnin Kano.